Barbushe Ba Ya Cizo

Ina neman gafara tun kafin in fara, domin abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ni ma da na zauna rubuta shi ba cikin daɗin rai nake ba.

Ni mutumin kudancin Kano ne, daga ƙasar nan da ke gefen dajin Falgore, inda hanyar Jos ta ratsa bayan an wuce Tudun Wada. Lokacin da nake yaro akwai wani kurmi bayan ƙauyenmu, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a ƙasa. Faɗinsa bai wuce gona biyu ba, amma in ka shiga da tsakar rana sai ka ce magariba ta yi. Tsamiya ce uwar wurin, ga kanya, ga kirya, ga wani maɗaci da mutum biyu ba sa haɗa hannu a jikinsa. A gindin tsamiyar akwai tukwane kife da wani dutse mai santsi. Wurin na Maguzawan da ke ƙetaren rafi ne, wani tsoho ke riƙe da shi, ya gada wajen ubansa. Kafin ruwan shuka sukan kai baƙin bunsuru ko jan zakara, su zuba giya, in kaka ta yi kuma ba mai taɓa sabuwar dawa a cikinsu sai an kai wa wurin rabonsa. Ba a sara, ba a farauta, ko busasshen reshe ne ya faɗo ba macen da za ta ɗauka ta kai murhu. Mu 'ya'yan Musulmi an hana mu zuwa, mu kuwa mukan laɓaɓa mu sha tsamiya mu sheƙo a guje, kowa na rantsuwa ya ji motsi a bayansa.

Bara da lokacin zaɓen kan kundi ya yi, sai na ce zan rubuta tarihin wannan kurmi da al'adun da ke tattare da shi. Wani malami ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ba ɗan Musulmi ba ne?" Ya ba ni shawara in ɗauki bikin aure a garinmu, wai ya fi sauƙi, littattafansa kuma suna nan cike da ɗakin karatu. Abokan ajinmu suka laƙaba mini suna jikan Barbushe. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, na tsorata, na ɗauki bikin aure. Kundi na nawa ke nan a kan kamu da sa lalle da buɗar kai, Allah kaɗai ya sani.

Da hutu ya zo zuciyata ta ƙi kwanciya, na tafi gida na nufi kurmin. Na tarar da kututture da ramukan ƙona gawayi, da masara a inda tsamiyar take. Tsohon ya rasu shekara biyu ke nan. 'Ya'yansa biyu, ɗaya ya musulunta, ɗaya ya shiga addinin Kirista, kuma abin mamaki bakinsu ɗaya: a bar maganar. Babban ya ce da ni, "Malam, mun rabu da wannan, kada ka tono mana abin da muka binne." Ƙanwar tsohon ce kaɗai ta saurare ni. Na durƙusa na ce, "Iya, ko kin san yadda aka fara wurin nan?" Ta ce, "Ɗan nan, ka makara. Mu mata ba ma shiga. Shi ne yakan jero sunayen waɗanda suka riƙe wurin kafin shi, da inda kakanninmu suka taso, da yunwar da ta koro su, da sarkin da ya ba su izinin zama. Ba wanda ya tambaye shi."

Ba wanda ya tambaye shi. Fiye da shekara arba'in muna da jami'o'i masu ba da digirin Hausa, motar haya tana kai mutum daga Kano zuwa bakin dajin nan cikin sa'o'i kaɗan, amma ba a sami ɗalibi guda da ya zauna gaban tsohon nan da alƙalami ba. Ni da nake kusa da shi, na san gidansa, na sha tsamiyarsa, ni ma na gudu. Saboda haka duk wanda zan zarga a nan, da kaina na fara.

To, tsoron me muke yi? In ka matsa wa mai hanawa sai ya ce wai rubuta tarihin tsafi raya tsafi ne. Wannan magana ba ta da tushe a addini, ba ta da shi a ilmi, kuma mafi saukin hanyar rushe ta ita ce a buɗe littafin da kowane ɗalibin Hausa ke taƙama da shi, watau Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a Zariya a 1933. Da Larabci aka rubuta shi, labarinsa ya tsaya a kan Sarki Bello ɗan Dabo, watau aikin Musulmi ne a cikin Kano ta bayan Jihadi, ba Kano ta Haɓe ba. Da me ya buɗe? Da Dala da Barbushe. Ya gaya mana sunan abin bautar, Tsumburbura, da sunan itaciyar, Shamus, da cewa an kewaye ta da bango ba mai shiga sai Barbushe. Ya gaya mana Barbushe ba ya saukowa daga dutse sai kwana biyu a shekara, mutane kuma sukan taru daga gabas da yamma da kudu da arewa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Ya ambaci kurmin Jakara. Ya kawo har duban da Barbushe ya yi cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, kafin Bagauda ya bayyana, wanda lissafin Palmer ya sa farkon mulkinsa a 999.

Mai wannan rubutu bai tsaya nan ba. Ya bi wurin tsafin nan sarki bayan sarki kamar mai bin sawun ɓatacciyar saniya. Tsamiya, wanda ya yi sarauta daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe bangon. Zamanin Yaji Wangarawa suka zo aka yi masallaci a ƙarƙashin itaciyar, aka kuma ci Santolo da yaƙi. Kananeji da yaƙin Zazzau ya gagare shi sai ya koma ga masu tsafin, ya sari reshen itaciyar aka yi ganguna da shi, marubucin bai ɓoye wannan don kare mutuncin gidan sarauta ba. Zamanin Rumfa, 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya sa aka sare ta aka gina hasumiya a gurbinta. Shekara wajen ɗari biyar ke nan na tarihin wurin bauta guda ɗaya, da sunaye da al'adu da rikicin siyasar da ya kewaye shi. Da wannan bawan Allah ɗalibi ne a yau, ya kawo wannan a matsayin kan kundinsa, da an tambaye shi ko shi ɗan Musulmi ne, a tura shi ya rubuta bikin aure.

Akwai kuma labarin Dirki, wanda ya fi shafarmu mu mutanen kudu. Tun zamanin Muhammadu Zaki, a ƙarshen ƙarni na 16, sarakunan Kano ke da wani abu naɗe cikin fatu ana yi masa yanka. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya ƙi ba da shanu arba'in da fadawansa suka nema don Dirki, ya sa samari suka sare shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Fadawa suka ce za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da abin da ke cikin Dirki. Jama'ar Shehu suka kore shi daga birni, aka kashe shi a Burumburum a 1807. Burumburum fa, nan ƙasar Tudun Wada, inda wasunmu ke zuwa cin kasuwa. Duk wanda ke son ya fahimci abin da Shehu Usmanu yake nufi da masu garwaya Musulunci da al'adun da, ba shi da misali da ya fi Dirki. Ashe kuwa wanda ya ƙi nazarin tsafi ba zai gane Jihadin da yake taƙama da shi ba, don bai san abin da aka yaƙa ba. Shehu da kansa a Nurul Albabi ya bayyana yadda ake yi wa itatuwa da duwatsu yanka. Ya faɗi abin ne don ya soke shi, amma sai da ya san shi ya faɗa.

Kuma ba a ƙasar Hausa aka fara ba. Alƙur'ani mai girma ya ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu, ya ambaci gumakan mutanen Annabi Nuhu. Ibnul Kalbi, wanda ya rasu wajen 819, ya tsara littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, kowane da ƙabilarsa da wurinsa da masu tsaronsa. Albiruni ya koyi harshen malaman Hindu ya rubuta addininsu wajen 1030. Ba mu ji an ce imaninsu ya raunana ba. Mu ne dai, da ba mu kai ɗigon iliminsu ba, muka fi su tsoron Allah?

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a ɗakin kwana. An ce ai Magili sare itaciyar ya yi, saboda haka wanda ya sare kurminmu sunnar malamai ya bi. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Wanda ya sare kurmin nan bai san Magili ba, bai kuma zo da wa'azi ba. Da injin yanka katako ya zo, da mota mai jiran buhuna a bakin titi. Shi bai bambanta tsamiyar tsafi da ɗorawar gonar liman ba, duk gawayi ne. Magili ya sare itaciya guda ya gina hasumiya, aka kuma rubuta abin da ya faru har muka karanta. Mu mun bari an share kurmi an shuka masara, rafin da ke gefensa yanzu tun kafin sanyi ya wuce yake ƙafewa, ba a kuma rubuta ko layi ɗaya ba. Dajin Falgore kansa, wanda Turawa suka keɓe da sunan Kogin Kano, wanda kuma ruwansa ke gangarawa madatsar Tiga da aka gama a 1974, yana da doka da ma'aikata, duk da haka ga yadda yake ƙarewa. Kurmin tsohon nan ba shi da doka ba shi da ma'aikaci, tsoro da girmamawa kaɗai suka tsare shi kaka da kakanni. Ba na roƙon a mayar da tsoron. Tambayata ita ce, da muka cire shi, me muka sa a gurbinsa?

Bari in fita waje kaɗan, don wani lokaci sai ka leƙa gidan maƙwabci kake ganin tsagar bangonka. A ƙasar Japan addinin gargajiyarsu shi ne Shinto, suna da wuraren bautarsa wajen 80,000, da yawansu ƙanana ne na ƙauye, kowane da ɗan kurminsa da ba a sara. A 1906 gwamnatinsu ta ba da umurnin a haɗe ƙananan wuraren nan, a bar guda a kowace gunduma, don su dace da addinin hukuma da ake ginawa a kan sarki. Kafin 1914 an rufe wajen 70,000, a lardin Miye kusan tara cikin goma suka tafi, 'yan katako kuma suka faɗa wa kurmin da aka bari. Wani masanin tsirrai, Minakata Kumagusu, ya tashi ya yi ta rubutu yana faɗa da wannan, har aka tsare shi a 1910. Hujjarsa ba ta tsaya ga bauta ba. Cewa ya yi in wurin ya tafi, itatuwa da tsuntsaye da maɓuɓɓugar ruwa za su bi shi, labarun ƙauye da tarihinsa su ma su bi. Abin da ya faru bayan ƙauyenmu ke nan, bambancin kawai su sun sami mai yin ihu tun ana cikin hari.

Waɗanda suka tsira kuwa, je ka ga yadda ake riƙe da su. Ɗan ƙaramin wuri a lungun ƙauye za ka tarar da allo an rubuta tarihinsa da ranar bikinsa, ɗalibai kuma suna zuwa suna nazarin takardunsa. Babban wurinsu na Ise rushe shi ake yi a sake ginawa duk bayan shekara 20, an yi na 62 a 2013, ta haka sana'ar sassaƙa da gini irin na da take wucewa daga tsoho zuwa yaro. Ban kawo wannan don in ce mu yi koyi da addininsu ba, su da nasu mu da namu. Na kawo shi ne don masu cewa wai kula da irin waɗannan abubuwa ci-baya ne. Mutanen da suka ƙera motar da ke ɗauko gawayinmu ba su ga ci-baya a ciki ba. Ko a nan gida, kurmin Osun na Oshogbo ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2005, a garin da ke cike da masallatai, masallatan kuma ba su rushe ba.

Wa ya rubuta mana namu? Tremearne ya buga littafinsa kan bori a 1914, daga abin da ya tattara wajen Hausawan Tunis da Tarabulus. Greenberg, Ba'amurke, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946. Barkow ya yi nasa a ƙasar Zazzau, Guy Nicolas ya yi a Maraɗi. Wasu malamanmu ƙalilan sun yi ƙoƙari daga baya, Allah ya saka musu, amma galibi kundayensu na can ƙura ta rufe. Sakamakon shi ne in ɗalibi Bahaushe yana son sanin yadda kakansa na goma ya roƙi ruwa, sai ya koyi Turanci ko Faransanci, ya karɓa daga bakin baƙon da wani lokaci tafinta ne ya gaya masa. Sa'an nan mu hau mumbarin ƙungiya ranar Makon Hausa muna zagin Turawa wai sun ɓata mana tarihi. Su sun je sun zauna a tabarmar Bamaguje, mu ƙyamar tabarmar muke yi.

Kada kuma 'yan "raya al'ada" su yi murna su ce ina bayansu, don nasu laifin bai gaza na masu hanawa ba. Su a wurinsu al'ada ita ce a sa wa ɗalibai warki da guraye, a shafa musu toka, wani ya faɗi yana birgima a dandamali wai bori ya hau, manyan baƙi su yi tafi. Tun bikin FESTAC na 1977 ake wannan wasa. Ba wanda ya san iskar da ake kwaikwayo, ko wace zuriya ke da ita, ko me ya sa. Wannan ba nazari ba ne, ba'a ce, kuma ita ke ƙara ba masu hanawa hujja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar babban ɗan tsohon nan, da ya ce kada in tono abin da suka binne. Me ya sa mutum zai ji kunyar ubansa har haka? Domin mun koya masa. Maguzawa Hausawa ne, harshenmu ɗaya, a bakinsu ma akan ji tsofaffin kalmomi da kirarin noma da farauta waɗanda birni ya manta. Malaman da suka gabata sun ba su matsayi a shari'a, masana na danganta sunan nasu da kalmar Majusu, suka zauna suna biyan jiziya suna noma ƙarƙashin sarakunan Musulunci. Mu 'yan boko muka mayar da sunan zagi. Yaro ya ci da hagu a ce masa Bamaguje. To wanda ya musulunta jiya, ya ga haka ake kallon gidan da ya fito, dole ya share sawunsa, ya ƙi faɗin ko sunan kakansa. Mu da muke masa dariya kuwa, wane ne cikinmu zai ƙirga kakanninsa baya har ya wuce zamanin Yaji bai ci karo da mai baƙin bunsuru ba? Nisan zango ne kawai ya bambanta mu.

Har yanzu da saura. Tsakanin Bebeji da Ƙiru, da Tudun Wada har zuwa duwatsun Riruwai, akwai kufai, akwai duwatsu da rijiyoyi da itatuwa masu suna, akwai tsofaffin da suka ga abin da idonsu, wasunsu yau su ne sahun gaba a masallaci, kuma za su yi magana in an zo musu da ladabi. Kowannenmu na da waya a aljihu wadda ta fi na'urar da Greenberg ya taɓa mafarki. Ina roƙon wannan ƙungiya, kuɗin da za ta kashe wajen hayar kujeru da lemon manyan baƙi a bikin bana, ta ware rabi ta sa ɗalibai goma a mota lokacin dogon hutu, kowane ya koma ƙasarsu ya ɗauko sunan wuri, da zuriyar da ke riƙe da shi, da lokacin da ake zuwa, da abin da ake kaiwa, da abin da aka hana, da shekarar da aka daina. Ina roƙon malamanmu, in ɗalibi ya zo da irin wannan batu, a tambaye shi hanyar bincikensa, a bar imaninsa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ni dai na riga na yi wa Iya alkawari zan koma bayan jarrabawa. Ta ce akwai wata waƙar daka da matan gidansu ke yi ranar da maza suka tafi kurmi, tana tuna rabinta, in na zo mata da goro mai kyau za ta yi mini. Duk mai son zuwa ya same ni, amma ya zo da kuɗin motarsa.